Sunan mahaifi a allon shago: wa ke da shi idan magada suka raba gari?

Duk wanda ya ratsa Kassalafam da unguwar Hausawa ta New Bell ya gangara Kasuwar Kwango a birnin Douala, zai lura cewa yawancin allunan shaguna sunayen mutane ne. Ga "Ets Aladji wane et Fils", ga "wane et Frères", ga mai tsire da ko allo ba shi da shi amma duk unguwa ta san teburinsa da sunan mahaifinsa. Da sunan ake karɓar kaya bashi daga Kano ko Dubai, da shi ake aiko da saƙon kuɗi daga Garwa ko Maraɗi, kuma saboda shi mai saye ke tsallake shaguna goma ya zo na goma sha ɗaya.

Rigima takan taso ne ranar da mai sunan ya kwanta dama, ko ranar da ɗaya daga cikin ƴaƴansa ya buɗe nasa shagon a layi na gaba ya rubuta sunan nan dai a samansa. Kowannensu zai ce sunan ubansa ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai dokar da ke aiki a Kamaru da Nijar da Chadi tana da nata ma'aunin, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2022, lokacin da sababbin ƙa'idojin tambarin kasuwanci na ƙungiyar OAPI suka fara aiki, wa'adin da mai haƙƙi yake da shi na ɗaga murya ya ragu da rabi.

Yadda sunan uba ya zama sunan gida

A asali Bahaushe ba shi da sunan dangi da ake gada kaka da kakanni irin na Turawa. Sunan yanka ake kiran mutum da shi, a haɗa da na mahaifinsa, ko laƙabi, ko sana'a, ko garinsu. Shi ya sa aka san Malam Aminu da Kano, Alhaji Shehu da Shagari, Abubakar da Tafawa Ɓalewa. Makarantar boko da rajistar haihuwa ne suka daskarar da suna a takarda, kasuwanci kuma ya mai da wasu sunayen dukiya. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, amma har gobe sunansa na kan kamfanonin zuri'arsa. Sunan Ɗangote na kan buhunan simintin da masana'antarsa ta Douala ke fitarwa tun 2015. A Kamaru ma haka abin yake da gidajen Fadil da Nana Bouba da Fotso.

A New Bell akwai ƙarin wani ruɗani. Unguwar ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na tayar da ƴan ƙabilar Duala daga bakin kogin Wuri kafin yaƙin duniya na ɗaya, daga baya a zamanin Faransawa ta zama masaukin baƙi, ciki har da fataken Hausawa. Jikokinsu na ɗauke da takardun haihuwa da aka rubuta da ƙa'idar Faransanci, ƴan uwansu na Najeriya kuwa da ta Ingilishi ko ta Hausar boko. Sai ka ga suna ɗaya ya zama Ousmanou a Douala, Ousmane a Yamai, Usman a Kano. Wasu ƴan kasuwa na zaton bambancin harafi ya isa ya raba su da mai asalin suna. Alƙalai da masu tantancewa a OAPI kuwa suna duba yadda suna ke faɗuwa a kunne da yadda yake bayyana a ido, su tambayi kansu ko mai saye na yau da kullum zai iya rikicewa.

Takardu uku da ake ɗauka ɗaya ne

Babban kuskuren da ya yaɗu a tsakanin ƴan kasuwa shi ne ɗaukar lambar rajistar kasuwanci a matsayin shaidar mallakar suna. Rajistar da ake kira RCCM, wadda ake yi a ofishin magatakardan kotu ko ta cibiyar kafa kamfanoni ta CFCE, ta fito ne daga dokokin OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port-Louis a 1993. Aikinta shi ne ta tabbatar cewa mutum ɗan kasuwa ne da hukuma ta sani. Ba ta hana wani ya buga sunan a jikin kwalin sabulu ko ledar kilishi.

Kariyar suna tana hannun OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka, wadda hedikwatarta ke Yaoundé. Ƙasashe 17 ne a cikinta, ciki har da Kamaru, Nijar, Chadi, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Gabon da Côte d'Ivoire, wato kusan duk inda zangon Hausawa yake a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Dokarta ita ce yarjejeniyar Bangui ta 2 ga Maris 1977, wadda aka yi wa gyara a 1999, aka sake yi mata wani a Bamako a watan Disamban 2015. Rajista ɗaya a Yaoundé tana aiki a dukan ƙasashen 17.

A ƙarƙashin wannan doka abu biyu ake rajista. Na farko sunan kasuwanci, wato sunan da aka san shago ko kamfani da shi. Wannan na wanda ya riga amfani da shi ne ko ya riga yi masa rajista. Na biyu tambarin kaya ko na hidima, wato alamar da ke jikin abin da ake sayarwa. A nan ƙa'idar ta fi tsauri: tambari na wanda ya riga kai takarda ne. Kowanne daga cikin biyun shekara 10 yake yi, sannan a sabunta. Dokar ta ambaci sunan dangi ƙarara a cikin alamomin da ake iya yi wa rajista a matsayin tambari.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, gidan da ya shekara 40 yana sayar da turare ko yaji da sunan kakansa ba tare da rajista ba, zai iya wayar gari ya tarar wani ɗan uwa, ko tsohon yaron shago, ya riga shi zuwa Yaoundé. Doka ta bar wa wanda ya riga amfani da tambarin ƙofar neman haƙƙinsa idan ya nuna cewa mai rajistar ya san da shi. Amma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. A tsohon tsari wata shida ake bayarwa bayan an wallafa rajistar. A sabon tsari wata uku ne daga ranar da aka wallafa buƙatar a mujallar hukumar, wadda ake kira BOPI. Mujallar na fitowa a intanet, da wuya kuma a samu mai shago a Kasuwar Kwango da ke bibiyarta. Wanda wa'adin ya wuce shi, sai dai ya nufi kotu, inda shari'a ta fi tsawo ta kuma fi cin kuɗi.

Shin ana iya hana mutum sunan ubansa?

Amsar doka ita ce ba a hana shi, amma ana iya yi masa iyaka. Yarjejeniyar Bangui ta tanadi cewa mai tambari ba zai hana wani amfani da sunansa na gaskiya ba, muddin da kyakkyawar niyya yake yi, don a san ko shi wane ne, kuma ba ta hanyar da za ta ruɗi jama'a game da inda kaya suka fito ba. Dokar tambarin kasuwanci ta Najeriya ta 1965 ita ma tana da irin wannan tanadi.

A ɗauki misalin ƴan uwa biyu da mahaifinsu ya bar shagon atamfa da shadda. Babban ya ci gaba da zama a tsohon shagon. Ƙaramin ya buɗe nasa, ya rubuta cikakken sunansa, na yanka da na mahaifi, da launin allo daban, ya kuma gaya wa masu saye cewa shi kansa yake ci. Da wuya kotu ta taɓa shi. Amma idan ya ɓoye sunansa na yanka ya fito da na mahaifin da manyan haruffa, ya kwaikwayi launin allo da ledar zuba kaya, ya buga wa tsofaffin abokan ciniki waya yana cewa reshe ne aka buɗe, to ya shiga abin da Hausawa ke kira sojan gona. Sunan nasa ne, amma amanar da yake ci da ita ta tsohon shagon ce.

Kotunan duniya sun sha yanke irin wannan hukunci. A 1988 wata kotun tarayya a New York ta hana Paolo Gucci, jikan wanda ya kafa kamfanin Gucci, amfani da sunansa a matsayin tambari, ta dai ba shi damar bayyana cewa shi ya zana kayan, da sharaɗin ya fayyace cewa ba shi da alaƙa da kamfanin gidansu. A Faransa kuwa akwai shari'ar Bordas, sunan da duk wanda ya yi makarantar Faransanci ya gani a bangon littafi. Pierre Bordas da ɗan uwansa suka kafa kamfanin ɗab'in a 1946. Da ya saɓa da waɗanda suka mallaki mafi yawan hannun jari, ya nemi a cire sunansa. Ranar 12 ga Maris 1985 kotun ƙoli ta Faransa ta ce a'a: tunda ya amince aka sa sunan a takardun kafa kamfanin, sunan ya rabu da shi ya zama mallakar kamfanin. Hukuncin Faransa bai ɗaure alƙalin Douala ko na Yamai ba, amma lauyoyin ƙasashen na yawan kafa hujja da shi saboda tushen dokokin ɗaya ne.

Darasin Bordas ya shafi duk mai shirin shigo da abokin tarayya ko sayar da shago. A dokar OHADA, abin da ake kira fonds de commerce, wato shago a matsayin dukiya, dole ya ƙunshi masu saye tare da allon shago ko sunan kasuwancin. Wanda ya sayar da shagonsa bai rubuta komai game da suna ba, yana iya tarar da cewa ya sayar har da sunan mahaifinsa.

Iyaka ɗaya, dokoki biyu

Ga Hausawan da kasuwancinsu ke ƙetare iyaka, matsalar ta ninku. Najeriya ba ta cikin OAPI, ba ta kuma cikin OHADA. Ghana tana wata ƙungiyar daban, ARIPO. Rajistar Yaoundé ba ta da ƙarfi a Kano, rajistar Abuja ba ta da ƙarfi a Douala ko Maraɗi. Mai turaren wuta ko man shafawa da ya yi suna a Kantin Kwari, kayansa na shiga Kamaru ta Mubi ko Banki, zai iya tarar da dillalinsa na Douala ya yi wa tambarin rajista da sunan kansa. Daga ranar, a takarda, dillalin ne mai tambari a ƙasashe 17, mai asalin kaya kuma shi zai koma yana kare kansa.

A Najeriya wa'adin ma daban ne: rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14. Dokar can ba ta saurin karɓar sunan dangi tsurarsa a matsayin tambari sai an nuna ya yi fice ko an rubuta shi da wata siffa ta musamman. Sannan hukumar CAC mai rajistar kamfanoni daban take da ofishin rajistar tambari, kamar yadda RCCM ya bambanta da OAPI.

Inda Najeriya ta fi sauƙi ga wanda bai yi rajista ba shi ne ƙarar da lauyoyinta ke kira passing off, wadda ta gada daga dokar Ingila. Mai ƙara zai tabbatar da abu uku: cewa ya tara farin jini da sunan, cewa wanda ake ƙara ya sa jama'a zaton kayansa na mai ƙarar ne, da cewa hakan ya jawo masa hasara ko zai jawo. Shari'ar da ɗaliban lauya a Najeriya suka fi sani ita ce ta 1961 tsakanin Niger Chemists da Nigeria Chemists, masu sayar da magani biyu a titi ɗaya a Onitsha, inda kotu ta hana na biyun amfani da sunan saboda kamanninsa da na farko.

A ɓangaren OAPI makamanciyar wannan ita ce ƙarar gasar rashin adalci, concurrence déloyale, wadda yarjejeniyar Bangui ta keɓe wa babi guda. Ta haramta duk abin da zai haddasa ruɗani da kamfanin wani ko kayansa, ko da babu rajista. Nauyin hujja dai na kan mai ƙara, kuma a nan ne kasuwancin baka ke cutar da masu shi. Rasit mai ɗauke da sunan shago, takardar biyan haraji, takardun kwastan, hoton allo mai kwanan wata, tallar rediyo, su ne abin da alƙali zai duba. Gidan da ya shekara 30 yana ciniki da amana da littafin bashi kaɗai zai sha wuya kafin ya nuna ranar da ya fara. Kamaru kuma tana da nata sarƙaƙiyar: yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma suna bin tsarin shari'ar Ingila, don haka ɗan kasuwar Douala da ke kai kaya Kumba ko Bamenda na iya haɗuwa da salon shari'a iri biyu a cikin ƙasa ɗaya.

Abin da Galmi ta koya wa yankin

Hausawan Nijar sun riga sun ɗanɗana yadda suna ke kusan suɓucewa. A cikin shekarun 2000 kamfanin iri na Tropicasem da ke Senegal ya nemi OAPI ta ba shi kariya kan irin albasa da sunan Violet de Galmi, albasar da manoman yankin Tawa suka daɗe suna nomawa. Sai da manoma da ƙungiyoyi da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin kamfanin ya janye daga sunan ya koma Violet de Damani. Daga baya Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a OAPI a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da yankinsu, kamar yadda Kamaru ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku a 2013.

Sunan gari ne a wancan karon, kuma akwai gwamnati da ta tsaya masa. Sunan gida ba shi da mai tsaya masa sai magadansa, waɗanda sau da yawa su ne ke jayayya da juna.

Gado, sulhu da kotu

A unguwannin Hausawa irin wannan saɓani ba ya fara zuwa kotu. Gaban dattawan gida ake kai shi, ko limami, ko Sarkin Hausawa. Wannan hanya tana da amfaninta, don ta fi sauri, ta fi arha, tana kuma kiyaye zumunci. Rauninta shi ne sulhun baka ba ya ɗaure wanda ba ya wurin. Idan an sasanta cewa babban wa ne zai riƙe suna, amma ba a rubuta ba, ba a kai OAPI ba, ɗan ƙaramin na iya tayar da maganar bayan shekara 20, ko wani bare ya yi rajistar sunan alhali ƴan gida na ganin sun gama magana.

Akwai kuma gurbin da masu rabon gado kan bari. Ana ƙidaya kayan shago, da kuɗin banki, da bashin da ake bin mutane, a raba wa magada maza da mata bisa ƙa'ida. Sunan shagon kuwa sai a bar shi ga wanda ke zaune a ciki, kamar ba shi da daraja. Alhali Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya, ana iya sayar da su, kuma bai halatta a yi musu ta'adi ba. Idan haka ne, sunan da ya fi kayan cikin shago tsada yana cikin abin da mamaci ya bari. Waɗanda suka fi yin hasara idan aka manta da shi su ne mata da ƙananan yara, waɗanda ba sa zama a shago. Manyan gidaje ma ba su tsira ba: rikicin gadon attajiri Victor Fotso, wanda ya rasu a 2020, ya daɗe yana yawo tsakanin kotuna da shafukan jaridun Kamaru.

Hanyoyin da ke buɗe

Masu shagon da ke son kauce wa wannan suna da zaɓi tun mai suna na raye. Na farko, a yi rajistar sunan kasuwanci da tambari da sunan kamfanin iyali maimakon sunan ɗa guda, a kuma rubuta wanda ke da izinin amfani da shi da sharuɗɗan ingancin kaya. A Kamaru ana iya shigar da takardu kai tsaye a OAPI ko ta ma'aikatar ma'adinai da masana'antu, wadda ita ce mahaɗar ƙasar da hukumar. Na biyu, duk mai kai kaya Najeriya ko kawo su daga can ya yi rajista a ɓangarorin biyu, ya kuma rubuta a yarjejeniyarsa da dillali cewa tambarin ba na dillalin ba ne. Na uku, a riƙa amfani da tambarin, domin wanda aka bari shekara 5 a jere ba a taɓa shi ba ana iya neman kotu ta soke shi.

Zaɓi na huɗu shi ne wanda ya fita ya kafa nasa sunan. Abdussamad Rabi'u, ɗan Khalifa Isyaku Rabi'u na Kano, da ya kafa kamfaninsa a 1988 BUA ya sa masa. A Jamus, da ƴan uwan nan biyu na gidan Dassler suka raba gari a 1948, ɗaya ya kafa Puma ɗaya ya kafa Adidas, kowanne ya yi suna a duniya.

Shugabannin Tarayyar Afirka sun amince da ƙa'idar mallakar fasaha ta yarjejeniyar kasuwanci maras shinge a watan Fabrairun 2023, da burin daidaita dokokin ƙasashe. Kafin wannan ya sauka a kasuwa, tsarin da ke aiki shi ne na yanzu: rajista a Yaoundé, wata rajistar a Abuja, da wa'adin wata uku na ƙalubalantar wanda ya riga kai takarda. Ƙungiyoyin ƴan kasuwar Hausawa a Douala da Yaoundé da Garwa na iya ɗaukar lauya ɗaya da zai riƙa duba mujallar BOPI a madadin mambobinsu, masu rabon gado kuma su fara tambayar magada wa zai riƙe suna da nawa zai biya sauran, kafin a rufe littafin rabo.